Marubutan da ke yi wa ƴan sarauta dariya da yabo: tsoro ne ko gwaninta?

Dan_Bilbis:
Salamu alaikum ƴan gurup. Akwai wata magana da nika son mu taɓa, tunda na san akwai mushe-mushe (malaman makaranta) da ƴan jami'a cikinmu. Littattahan ga na da da anka sa mu karatu a lise, su Candide da wasannin Molière, duk cike suke da ba'a ga manyan gida, baron ne, kont ne, marki ne, wato masu sarautun gado na Turai. Amma ku duba da kyau, babu wanda ya hito hili yac ce wane kai azzalumi ne ko kai wawa ne. Sai dai a yi ta yabon mutum hal yabon ya koma abin dariya. Voltaire, wanda ya rubuta Candide, ya ce baron ɗin nan na Westfali shina cikin masu ƙarhin ƙasar, dalili kuwa wai gidanshi na da ƙohwa da tagogi. To ni a ganina wanga tsoro ne kawai. Suna cin tuwon mutanen, suna jin haushinsu, ba su iya hwaɗi gaba da gaba, shi ya sa suka zagayawa. Wanda ya ga ba haka ba ne ya yi mini bayani.

Mushe_Adar:
Wa alaikumus salam ƙanena. Mutumin da ka kira matsoraci sau 2 ya kwana kurkukun Bastiy. Na farko a 1717, wata 11 ya yi, kan wasu baitoci da aka ce ya yi wa mai riƙon sarautar Faransa. Na biyu a 1726, shi ne ma ya shafi maganarka kai tsaye. Wani ɗan gidan Rohan ya yi masa gorin suna, Voltaire ya mayar masa da magana, bayan ƴan kwanaki yana cin abinci gidan wani babban basarake, duk na Sully, sai aka ce ana sallama da shi a ƙofa, yana fita barorin Rohan suka rufe shi da sanduna ubangidansu na gefe yana kallo. Ya koma ciki ya nemi mai gidan ya tsaya masa, ya ƙi, don ba zai ɓata da ɗan'uwansa mai asali saboda ɗan notar (mai rubuta takardun shari'a) ba. Ƙarshenta wanda aka daka shi aka kulle, daga nan aka sallame shi ya tafi Ingila. Candide ya fito 1759, shekara 33 bayan dukan nan. Don haka ya san mutanen da yake rubutu a kansu, a jikinsa ya sani.

Game da ƙofa da tagogi kuma, da cewa ya yi baron matsiyaci ne mai girman kai, ra'ayinsa ne, kana iya yarda kana iya ƙi. Amma da ya ce babba ne saboda yana da taga, kai mai karatu kai ka yanke hukuncin da kanka, ba wanda ya tilasta ka, kuma hukuncin da mutum ya yanke da kansa ba ya saurin warware shi.

Zabaya227:
Hhhhh ku kun manta matar baron ɗin. Wai nauyinta ya kai liba 350 shi ya sa ake ganin girmanta ƙwarai. Ranar da mushenmu ya karanta wurin nan duk kilas sai da aka juyo ana kallon wata ƙawata, har yau ba ta yafe ma Voltaire ba

Dan_Bilbis:
@Mushe_Adar na ji mushe, an dake shi. Amma ai wanga ma hujjata ce. Ya sha sanda ya koyi hankali, ya bar hwaɗa da baki sake. Kuma mi ya sa bai sa sunanshi bisa littahin ba? Ya ce wai wani dokta Ralph Bajamushe ne ya rubuta.

Lissafi_Kawai:
Ni ba ɗan adabi ba ne, seri C na yi, amma akwai abin da ya ba ni dariya cikin littafin nan wanda ban ji malamai na faɗa ba sosai. Turawan lokacin suna ƙirga kakanni masu asali don su nuna jininsu bai gauraya ba. Iyaye 2, kakanni 4, na gaba 8, sai 16, 32, 64, 128, haka yake ninkawa. To an ce uwar Candide ta ƙi auren ubansa saboda 71 kawai ya iya kawowa, gidan baron kuwa 72 gare su. Ka zauna ka ninka yadda kake so 71 ko 72 ba za su fito ba. Wato abin da suka hana aure a kansa ma lissafin banza ne tun daga tushe, kuma bambancin ɗaya tal ne.

Hajiya_Yantala:
@Lissafi_Kawai Allah ya yi maka albarka ɗana, ban taɓa lura ba. Ni wanda ya fi ƙona mini rai ɗan baron ɗin ne, wan Cunégonde, yarinyar da Candide ke so. An rushe gidansu, an kashe iyayensu, shi kansa ya ƙare yana tuƙin jirgin ruwa cikin bayi ana zabga masa bulala, Candide ya sa kuɗinsa ya fanshe shi. Ƙanwar tasa kuma ta lalace ta yi muni tana wanke-wanke gidan wani. Candide ya ce to zai aure ta duk da haka don cika alkawari, sai gogan naka ya tashi ya ce shi yana raye ƙanwarsa ba za ta auri wanda ba baron ba. Wanda ya fanshe ka jiya-jiya! Ai gara da suka mayar da shi cikin jirgin.

Bawan_Allah_Konni:
Hajiya wanga ai ba sai an tai Westfali ba. Mu nan muna da su. Wani abokina ya nemi ɗiyar wani gida, yaro shina da aikinshi, shina da mota, ga addini, ita ma yarinyar tana so, anka zamna anka yi bincike anka ce wai kakan kakanshi maƙeri ne. Shi ko wanda ya hana ɗin, wallahi hatsin da aka ci gidanshi ma sai an taimaka mishi. Yanzu shekara nawa yarinyar tana gida.

Admin_Tawa:
Jama'a a ci gaba da muhawara amma kar wanda ya kama sunan gida ko unguwa ko zuri'a. Duk wanda ya yi zan goge.

Yar_Harobanda:
Ina wuninku iyayena da yayyena. Ni Ingilishi nake karantawa a jami'ar Abdou Moumouni, bari in kawo na ɓangarenmu don kar Faransawa su cinye wurin. Jane Austen tana da wani Sir Walter Elliot cikin Persuasion, wanda ya fito ƙarshen 1817 bayan rasuwarta. Da shi littafin ya buɗe: mutum ne wanda ba ya ɗaukar kowane littafi don jin daɗi sai kundin da aka jera sunayen masu irin sarautarsa, kuma ko shi ɗin ma shafin da sunansa yake nan ya fi buɗewa. In ransa ya ɓaci ya je ya karanta tarihin gidansu ya samu sauƙi. Bashi ya ci shi har ya ba da hayar gidan gado Kellynch ya koma Bath, wanda ya kama hayar kuwa admiral ne na sojan ruwa, alhali shi Sir Walter ya tsani aikin sojan ruwa saboda dalili biyu, wai yana ɗaga ƴaƴan da ba a san iyayensu ba kuma yana ɓata fatar fuska. Admiral ɗin da ya shiga sai da ya sa aka kwashe manyan madubai daga ɗakin shiryawa don ya ce duk inda ya juya kansa yake gani. A Bath kuma Sir Walter ya tsaya cikin wani kanti ya ƙirga mata 87 sun wuce wai babu mai kyan gani ko ɗaya.

To @Dan_Bilbis yaya, ita wa take tsoro? Sir Walter ba mutum ne na gaske ba, ba zai aiko barori su dake ta ba. Ta zaɓi ta bar shi ya yi magana ne don duk zagin da za ta yi masa bai kai wanda bakinsa zai yi masa ba.

Dan_Bilbis:
Ƙanwata ba ita ce tas sadaukar da wani littahinta ga yariman Ingila ba?

Yar_Harobanda:
Emma, a 1815. Daga fada aka nuna mata ana so, kuma an san ba ta ƙaunar mutumin. Wannan kam ba a ce wa yarima a'a. Amma sadaukarwa daban abin da ke cikin littafi daban.

Dan_Bilbis:
To ai kin gama mini aikin. Ba a ce ma yarima a'a. Shi ne nika hwaɗi tun ɗazu.

Tsoho_Mai_Ritaya:
Yaran nan kuna ta zancen Turai kamar mu ba mu san sana'ar nan ba. Ku saurari makaɗan fada na da, su Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Waƙar yabon sarki ce, amma cikinta ake zuba zambo ga ƴan sarkin da suka nemi gadon suka rasa, ba a kama suna, a ce mai kaza da kaza, mai tsawon kaza, wanda ya sayar da kaza don neman sarauta, duk garin an san da wa ake, shi kuma ba ya iya kai ƙara don in ya kai ya amsa sunansa ke nan. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. To amma ga inda zan ba Dan_Bilbis gaskiya kaɗan: makaɗin ba ya taɓa ubangidansa. Abokan hamayyar ubangidan yake yanka. Molière ma in kun duba haka yake, ya yi wa marki-marki dariya son ransa, ya taɓa likitoci, ya taɓa masu fakewa da addini har aka hana wasansa Tartuffe daga 1664 sai 1669 aka bari, amma sarki Luwi na 14 bai taɓa shan ba'arsa ba, shi ke ba shi inuwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Dan_Bilbis:
Baba Allah ya ƙara girma. A rubuta wanga da ruwan zinari.

Mushe_Adar:
Baba ya yi gaskiya kan Molière, har ma sarkin riba yake ci, don duk ba'ar da aka yi wa manyan fadawa ƙara rage musu tsawo take a gabansa. Amma kar mu haɗa kowa cikin buhu ɗaya.

Tunda an kawo Molière, akwai kuskuren da ɗalibaina ke yi kowace shekara kan Le Bourgeois gentilhomme, wanda aka fara yi a Chambord a 1670. Kowa Jourdain yake wa dariya, ɗan mai sayar da yadi da ke son ya zama mai asali, yana ɗaukar malamin rawa da na takobi da na falsafa, har aka naɗa shi mamamushi, wata sarautar Turkawa ta ƙarya. Ana mantawa da kont Dorante, mai asalin na gaske. Shi me yake yi? Rance yake ci wurin Jourdain ba ya biya, yana lallashinsa da cewa ya ambaci sunansa a ɗakin sarki, ya karɓi zoben lu'ulu'u da Jourdain ya saya don wata mata ya je ya ba ta kamar daga aljihunsa ya fito. Ɗaya wawa ne ɗaya ɗan damfara, kuma ɗan damfarar shi ne mai jinin. An yi wannan a gaban fadawa suna zaune.

Zabaya227:
Kuma suna tafi suna dariya ko? Kowa na cewa da na kusa da shi ake 😂

Damagaram_Gidan_Kara:
Haka abin yake @Zabaya227. Mu a Zinder muna da wasan kara, samari su yi shigar manya, wannan shi ne gwamna wancan shi ne minista, da kayan karan dawa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu, kuma manyan na zuwa kallo. Ban taɓa jin wanda ya canza hali don an kwaikwaye shi ba. Wani ma in ba a yi shi ba sai ya ji haushi wai an raina shi.

Dan_Bilbis:
To kun ga wata sabuwa. In wanda anka yi ma ba'ar shina dariya shina tahi, ina amhwaninta? Ashe ba tsoro kaɗai ba ne, hal da aikin banza.

Sarkin_Karatu_Wadata:
Ɗan'uwa kar ka yi sauri. Ka karanta Le Mariage de Figaro? Beaumarchais ya gama shi tun wajen 1778, Luwi na 16 ya ji abin da ke ciki ya ce ba za a yi ba, sai 27 ga Afrilu 1784 aka samu aka yi shi a Pari. A fito na 5 bara Figaro ya tsaya shi kaɗai yana magana da ubangidansa kont Almaviva a zuci, yana cewa don kai babban mutum ne kake ganin kai mai basira ne, me ka yi ka samu duk wannan, wahalar haihuwa kawai ka sha aka haife ka shi ke nan. Nan babu zagaye-zagaye, gaba da gaba ne, irin wanda kake nema. Kuma su manyan su suka yi ta matsa wa sarki a bari a yi, su suka cika gidan wasan. Marie-Antoinette da kanta ta hau dandali a 1785 ta fito a matsayin Rosine cikin ɗaya wasan nasa, Le Barbier de Séville. 1789 kowa ya san abin da ya faru. Ban ce wasa ne ya kawo juyin juya hali ba, yunwa da bashi da haraji suna nan, amma mutanen da aka shekara ana koya wa talaka yi musu dariya, ranar da ya tashi ba ya jin nauyinsu kamar da.

Mushe_Adar:
Ƙari kaɗan, don kar a mai da Beaumarchais waliyyi. Sunansa na gida Caron, ɗan mai gyaran agogo ne, kuma da kuɗi ya sayi muƙamin da ya ba shi asalin. Voltaire ma ya ƙare mai gari ne a Ferney da ƙasarsa da talakawansa. Da yawansu abin da suke zagi suna sonsa.

Hajiya_Yantala:
Ai mushe wanda bai so abu ba ba ya saninsa haka. Sai wanda ya tsaya bakin ƙofa ya daɗe yana leƙe.

Na_Keita:
Ni duk waɗanga Turawa ba su taɓa ni awa Fama ba. Les Soleils des indépendances, kowa nan ya yi shi ko a sagwand ko a tarminal. Fama Dumbuya, yariman Horodugu na ƙarshe, wanda anka haihwa cikin zinari da dawaki, ya koma bin gidajen mutuwa da sadakar bakwai da ta arba'in cikin babban birni don a ba shi ɗan abin sadaka. Tun hwarkon littahin ya iso a makare wurin sadakar bakwai ta Kone Ibrahima, maroƙi ya haɗa gidansu da na Keita, ya tashi shina ta hwaɗa kan asali a gaban mutanen da sunka san abin da ya kawo shi. Ya yi siyasa ya kashe abin hannunshi, da anka samu ƴancin kai abin da ya samu kati 2 ne, na ɗan ƙasa da na jam'iyya. Matatai Salimata ita ka sai da abinci tana ciyar da shi. Da ya koma Togobala gadon da ya iske ƴan bukkoki ne, tsohon maroƙi da tsohon boka su ka rufa mishi asiri. Amma ni dariyar da nika yi mishi ba irin ta baron ba ce, tana zuwa da tausai. Kourouma, marubucin littahin, bai tsane shi ba.

Yar_Harobanda:
@Na_Keita wannan shi ne bambancin da nake ta son faɗa. Baron ɗin Voltaire ba shi da ciki, ba mu taɓa jin abin da yake ji da dare ba. Fama kuwa muna cikin kansa, muna jin zagin da yake wa zamani, wani lokaci ma sai ka ga yana da gaskiya, don waɗanda suka karɓi mulkin ba su fi shi ba, har kurkuku suka jefa shi kan mafarki.

Dan_Bilbis:
Kourouma kam na cire mishi hula, shi ya taɓa masu mulkin da ke raye, shi ya sa ma littahin sai a Kanada ya hwara hita a 1968. Amma ku lura Fama ba shi da ko sisi. Dukan wanda ya riga ya hwaɗi ba wuya. Ni masu taɓa wanda ke bisa doki nika nema.

Sarkin_Karatu_Wadata:
Gyara kaɗan, masu buga littafi na Pari ne suka ƙi karɓarsa da farko, Montreal ta buga, sannan Seuil ta ɗauka a 1970. Ba gwamnati ce ta kore shi zuwa can ba.

Wanda ke bisa doki kuwa Dickens ya ba ka shi, cikin littafinsa A Tale of Two Cities na 1859 kan London da Pari. Akwai wani babban mutum da ba ya iya shan cakulan ɗinsa na safe sai da ƙarti 4, wannan ya ɗauko buta, wannan ya dama, wannan ya miƙa adiko, wannan ya zuba, kuma marubucin ya ce da 3 ne suka yi aikin da mutuncin gidan ya zube. Kana cikin dariya sai bayan ƴan shafuka keken dokin wani marki ya take yaro a titi, ya leƙo yana tambayar ko dawakinsa sun ji ciwo, ya jefa wa uban tsabar zinari ɗaya. Sai dariyar ta tsaya maka a wuya. Sai dai za ka ce Dickens Baturen Ingila ne yana zagin Faransawan da aka riga aka sare wa kai shekara 60 da wani abu, kuma ba zan musa maka ba.

Dan_Bilbis:
Ka hwaɗa da bakinka 😂

Zabaya227:
Wai ni kam ina ake samun littattafan nan yanzu a Yamai? Na zaga masu shimfiɗa littafi a ƙasa wajen babbar kasuwa Candide kawai na gani da Kourouma, shi ma an yage bangon

Hajiya_Yantala:
Ki zo gida ɗiyata akwai kwali guda na yaran da suka gama, ki zaɓa. Ki dai dawo da su.

Tsoho_Mai_Ritaya:
Mu lokacinmu haddace La Fontaine ake sa mu yi, da bulala. Akwai ta alfadarin wani babban limamin kirista da kullum zancensa uwarsa goɗiya, ta yi kaza ta je kaza, har yana ganin ya fi ƙarfin yi wa likita aiki. Da ya tsufa aka kai shi injin niƙa yana jan dutse, a nan ne ya tuna ubansa jaki ne. Ƴan layuka ne amma duk abin da kuka faɗa tun safe yana ciki. La Fontaine kuwa a gidajen manya ya ci ya sha har ya mutu, littafin farko na 1668 ma ga ɗan sarki ya sadaukar da shi.

Malama_Madawa:
Sannunku. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ina ganin tambayar Dan_Bilbis ta ɗauka cewa faɗa gaba da gaba ya fi ƙarfi, zagayen kuwa na mai rauni ne. Ni ban yarda ba, ga dalilina. Girman kai da girmamawa yake rayuwa. In ka zagi mai girman kai ka ƙara masa, don ka nuna ya isa a yi fushi da shi, zai ce hassada ce. Abin da ba ya iya ɗauka shi ne a daina ganinsa da girma.

Akwai wani tsohon littafin Sifaniya, Lazarillo de Tormes, na 1554, ba a san marubucinsa ba. Yaro almajiri ya samu ubangida a Toledo, mutum mai takobi da alkyabba yana tafiya yana taƙama, yaron ya ce yau na dace. Suka je gida babu ko tabarmar kirki balle tukunya. Ƙarshe yaron ne ke fita bara ya kawo gutsuren burodi da ƙafar saniya, ubangidan ya yi ta kewaye shi yana yabon yadda yake cin abinci har ya samu a ce bismillah. Ya kan fita ƙofa yana sakace haƙori da tsinke don maƙwabta su ce ya ci nama. Da yaron ya tambaye shi me ya raba shi da garinsu, sai ya ce don kar ya riga wani maƙwabcinsa cire hula ne. Ya bar gida da gona saboda gaisuwa. Ranar da masu haya suka zo karɓar kuɗi ya ce zai je ya yi canji, bai dawo ba. Yaron bai zage shi ko sau ɗaya ba, har cewa yake yana tausayinsa. Amma hukumar cocin Sifaniya ta sa littafin cikin jerin haramtattu a 1559, galibi saboda abin da ya yi wa malaman coci. In aikin banza ne ko na matsorata, me ya sa suka damu?

Bawan_Allah_Konni:
Malama sakace da tsinke 😭 wallahi na san wani, sai dai admin ya hana

Admin_Tawa:
Na gode da ka tuna.

Mushe_Adar:
Malama ta kawo abin da ya kamata. Zan ƙara ɗaya mai nauyi, daga Proust, ƙarshen littafinsa Le Côté de Guermantes. Wani basarake, duk na Guermantes, shi da matarsa za su fita cin abincin dare, abokinsu Swann ya gaya wa matar cewa likitoci sun ce saura masa ƴan watanni. Mijin ya yi ta gaggauta ta wai sun makara babu lokacin wannan zance, ita ma ta mayar da abin wasa. Tana sa ƙafa cikin keken doki ya hango ta sa baƙin takalmi da jar riga, nan take lokaci ya samu, ya ce ta koma sama ta sako ja. Marubucin bai ƙara musu ko kalmar zagi ɗaya ba. Kuma shi Proust shekaru ya yi yana neman shiga irin gidajen nan, ba korarsa aka yi ba, ba dukansa aka yi ba.

Dan_Bilbis:
Wanga kam ya yi zahi. Amma hal yanzu ina nan kan bakana game da Molière da La Fontaine, maroƙan fada ne masu basira. Voltaire na bar shi rabi da rabi.

Lissafi_Kawai:
Rabi da rabi na 72 ko na 71?

Na_Keita:
Ku bar raha, ni akwai abin da ban gane ba. Mi ya sa namu na Hausa na hwarko ba su yi ma sarakuna irin wanga ba? Magana Jari Ce waziri ne mugu, sarki shina nan da girmanshi.

Tsoho_Mai_Ritaya:
Ka duba inda aka buga shi da lokacin. Zariya, 1937, ƙarƙashin ofishin Turawan mulki da ke tafiyar da ƙasa ta hannun sarakuna, kuma don makarantu aka yi shi. Wa zai buga maka ba'ar sarki? Amma ka koma tatsuniya, sau nawa Gizo ya ci dukiyar sarki ya auri ɗiyarsa ya bar fadawa da kunya. Abin yana bakin tsofaffin mata da dare, bai shiga takarda ba ne kawai.

Yar_Harobanda:
Baba ni kuma abin da na lura tun ɗazu, in aka cire matar baron da ta takalmi duk maza muke ta lissafawa. Lady Catherine ta Pride and Prejudice fa, 1813? Matar da ta ce da ta koyi kiɗa da ta zama gwana, alhali ba ta taɓa koya ba, take gyara wa masu yi. Ta yi doguwar tafiya ta je har gidan su Elizabeth don ta hana ta auren Darcy ɗan ƴar'uwarta, ta raina falonsu ta raina danginsu, yarinyar ta ƙi yi mata alkawari, ta koma ta kai ƙara wurin Darcy, ƙarar nan ce ta sa ya gane ashe yarinyar na sonsa ya koma ya sake neman ta. Ita ta ɗaura auren da hannunta. Sai dai wani abu na damuna da Austen, shi Darcy ɗin ma da girman kai ya fara, ya gaya wa yarinya yana sonta duk da ƙasƙancin gidansu, amma shi an bar shi ya gyaru ya tafi da fam 10,000 ɗinsa na shekara da katafaren gidansa, gwaggon ce aka bari da abin dariya. @Malama_Madawa ke ya kika ga wannan, tsohuwa ce ta fi sauƙin duka ko kuwa ni ce nake ƙara gishiri?

Malama_Madawa:
Ba ki ƙara ba ƙanwata, amma Sir Walter da kika kawo da kanki namiji ne kuma bai gyaru ba har shafin ƙarshe. Bari in sallami ɗalibai in dawo, ina da magana kan Mr Collins, don a wurina mai yi wa Lady Catherine fadanci ya fi ta laifi, shi ke ƙirga kuɗin murhun gidanta fam 800 yana gaya wa baƙi.